Darasin Turanci a soronmu: shirin jarrabawar 'yan aji uku

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Yau muka fara. Tushen abin takardar sakamakon Auta ce ta zangon farko, inda ta kawo 31 a Turanci. Umma ta miƙo mini takardar ta ce, "Kai da ka ƙare shekara huɗu kana karatun Turanci a jami'a, kana zaune a gida ƙanwarka tana kawo mana wannan?" Ban da bakin magana. Tun da na gama hidimar ƙasa ba abin da nake yi sai aika takardun neman aiki da zaman majalisa.

Auta tana aji uku na ƙaramar sakandare, bana za su zana BECE, jarrabawar da ke raba yaro da ƙaramar sakandare ta miƙa shi babba. Akwai wadda hukumar NECO take shiryawa, akwai kuma ta jiha. Ban da su, duk mai burin shiga makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu sai ya sake zana tasu daban. Ko'ina aka juya Turanci na nan tsaye, don ko lissafin ma da Turanci ake tambayarsa.

Na ce da Auta kaɗai zan yi, amma kafin la'asar magana ta zaga layinmu. Yanzu su bakwai ne: Auta, 'yan biyun gidan da ke jikin namu, ɗan Yayarmu, ɗan telan bakin layi, 'yar mai ƙosai, da wani dogon yaro da ke zaune wurin kawunsa. Alhamis da Juma'a bayan la'asar za mu riƙa yi, don ranakun ne ba su da Islamiyya.

Abin da na kashe: falanki da baƙin fenti na yin allo N4,500, kwalin alli N1,200, littattafan rubutu bakwai N2,100, littafin tsofaffin tambayoyi daga kasuwar Sabon Gari N2,500, Adaidaita zuwa da dawowa N800. Duka N11,100. Ba na karɓar ko sisi daga iyayensu.

Juma'a, 10 ga Janairu

Na gwada su da tambaya 40 na zaɓi, don in san inda muka tsaya. Mafi yawa 17, 'yar mai ƙosai. Mafi ƙaranci 8. Ɗan Yaya ya zaɓi C tun daga ta farko har ta ƙarshe ya tashi da 9, har yana yi wa mai 8 dariya.

Abin da ya fi maki tayar mini da hankali shi ne karatu. Na ba kowa sakin layi ɗaya ya karanta a bayyane. 'Yar mai ƙosai ta zubo shi tiryan-tiryan ba gargada, da na ce ta faɗa mini da Hausa abin da ta karanta, sai ta sunkuyar da kai. Dogon yaron da Usaina kuwa harafi-harafi suke haɗawa kamar 'yan aji biyu na firamare.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na kafa doka: daga an shigo soro ba Hausa, duk wanda ya yi zai biya tarar N20. Haka aka yi mana muna yara, na ɗauka haka ake yi. Jiya da yau an tara N140 a gwangwanin madara. Aji ya yi tsit, na ji daɗi.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na yi ɓarna, kuma gara in rubuta ta yadda ta faru.

Jiya ana dab da magariba 'yar mai ƙosai ta ɗaga hannu tana so ta ce za ta je ta yi alwala. Ta daɗe tana harhaɗa jimlar a ranta, na ga leɓenta na motsi. Da ta buɗe baki, maimakon *pray* sai ta ce *fray*. Yara suka fashe da dariya, ni ma, Allah ya yafe mini, na dara. Kunya ta kama ta, ta ce da Hausa, "To ni ban iya ba." Nan take ɗan Yaya ya miƙa mata gwangwani yana cewa tara. Ba ta da ashirin ɗin. Ta ja hijabinta ta fita.

Yau ba ta zo ba. Da na shiga gida Auta ta riga ta kai rahoto. Umma ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ka tara 'ya'yan mutane ka koya musu, ko ka tara su ka yi musu dariya? Tashi ka je wurin uwarta."

Na same ta a bakin kasko tana tsame ƙosai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, haƙuri na zo bayarwa, laifina ne." Ta ce, "Ba komai Malam, Allah ya saka. Sai dai ashirin-ashirin ɗin nan da take karɓa, daga cinikin nan take fita. Kuma ta ce mini tun da aka sa dokar ba ta ƙara fahimtar komai ba, tsoron tambaya take yi."

A hanyar dawowa na tsaya na lissafa: a zama huɗun da muka yi da dokar, tambaya nawa yaran suka yi mini? Ko ɗaya. Shirun da nake murna da shi ashe na tsoro ne. Na mayar wa kowa kuɗinsa, gwangwani ya koma kicin.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ta dawo. Sabon tsari: bayani da Hausa, aiki da Turanci. Wanda bai gane ba ya tambaya da harshen da ya ga dama.

Da matsalar tata muka fara, amma na ce matsalarmu ce duka, har ni. A Hausa ba mu raba *p* da *f* ba, harafi ɗaya ne a wurinmu, kuma mu Kanawa da leɓɓa biyu muke furta shi. Bature kuwa idan zai ce *f* haƙoran sama yake ɗorawa a kan leɓen ƙasa, idan zai ce *p* sai ya rufe leɓɓa ya sake su da iska. Na yayyaga takarda na ba kowa ya riƙe a gaban bakinsa: ka ce *pan* takarda ta yi tsalle, ka ce *fan* iska ta fita a hankali. Na aro madubin Auta suna kallon haƙoransu. An sha dariya, amma yau ba wanda aka yi wa.

Sai sashen da suka fi tsoro, wato tambayoyin furuci, inda ake ba da alamar sauti a ce a zaɓi kalmar da ke ɗauke da shi. Na rubuta "gari" a allo na ce Hassana ta karanta. Ta ce, "Yaya, wanne? Na tuwo ko wanda ake zama?" Na ce madalla, me ya raba su? Suka ce na tuwo ana jan sa. Na ce to abin da ya raba *ship* da *sheep* ke nan, da *sit* da *seat*, da *full* da *fool*. Wallahi kamar an kunna fitila. Kunnen Bahaushe ya san dogon wasali da gajere tun yana goye, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin da ake tambaya ke nan.

Mun taɓa baƙaƙen da ke haɗuwa ba wasali a tsakani. Bakinmu ba ya son haka, shi ya sa *bread* ya zama burodi, *brush* ya zama buroshi. Na ce a kasuwa ku sayi burodinku lafiya, a takardar jarrabawa ku cire wasalin da muka ƙara.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Littafin tsofaffin tambayoyin nan ya kusa kunyata ni. Akwai tambayar da ta ce *Neither the teacher nor the students ___ present.* Ina sauri, na leƙa amsoshin da ke bayan littafi na ce *was*. Ɗan tela ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba kai ka ce a irin wannan, suna na kusa da gurbin ake bi ba? Ai *students* ne a kusa." Gaskiyarsa, *were* ce. Na ce a tafa masa, na kuma ce kuskuren nawa ne da na yarda da littafi ban duba ba.

Da daddare na zauna da fitila mai caji na bi amsoshin shekara ɗaya kaf. Goma sha ɗaya ba daidai ba ne. Wasu kuskuren bugu ne, wasu kuwa wanda ya tsara littafin ne bai sani ba. Babu sunan marubuci a jiki, babu adireshi. Yara nawa ne a garin nan suke haddace waɗannan amsoshin yanzu haka? Na koma wurin mai shagon, ya ce shi sari ya yi, ba ya karɓar kayan da aka buɗe. Ban ja ba. Na yage shafukan amsoshin, tambayoyin dai suna da amfani. Na sayi tsohon ƙamus na hannu N3,000, bangonsa ya fita amma cikinsa lafiya.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Hazo da mura. Uku suka zo. Jam'in sunaye da kalmomi masu kishiyar ma'ana.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Makon wasiƙa. Jiya na ce kowa ya rubuta wa abokinsa wasiƙa ya ba shi labarin makarantarsu. Na karɓi littafi bakwai, biyar daga ciki da jimla ɗaya suka buɗe: *I hope you are swimming in the ocean of good health.* Makarantu uku daban-daban suke zuwa, amma teku ɗaya suke iyo a ciki. Mu ma ita muka haddace a zamaninmu, ban san tana nan da ranta ba. Bayan tekun kuwa sai layi biyu ko uku, shi ke nan, don hadda ta ƙare.

Yau muka shiga wasiƙar hukuma, zuwa ga shugabar makaranta, neman izinin kwana biyu. Na zana tsarin a allo: adireshinka da kwanan wata a sama ta dama, adireshin wanda ake rubuta wa a hagu, *Dear Madam* ko *Dear Sir*, kanun magana, sai a faɗa kan buƙata, a rufe da *Yours faithfully*, sa hannu, cikakken suna. Ta aboki kuwa adireshi ɗaya, kuma sunanka na farko ya isa.

Usaina, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Yaya, wai babbar mace kamar shugabar makaranta za mu rubuta wa ba mu tambayi lafiyarta da ta iyali ba? Ai rashin kunya ne." Na daɗe ban ji tambaya mai kyau irin wannan ba. A wurinmu wanda ya faɗo kan buƙata ba gaisuwa, an san ba a yi masa tarbiyya ba. Na ce mata a irin wannan wasiƙar girmamawar tana cikin kada ka ɓata wa babba lokaci, kuma mai duba takarda zai rage maki idan ya ga gaisuwar iyali. Ta ce to za ta rubuta yadda suke so, amma idan ta haɗu da matar za ta durƙusa ta gaishe ta. Na ce haka nake so.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An ba da hutun makaranta, azumi gobe ko jibi. Za mu koma safe, tara zuwa sha ɗaya, Litinin da Alhamis.

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi ya kai sha uku, aji ya rage. Dogon yaron ya bi kawunsa Kantin Kwari, cinikin Sallah ya buɗe, ya aiko a ce mini sai bayan Sallah. Shi ne kuma ya fi kowa buƙatar zaman nan, don sai kwanan nan ya fara karanta jimla ba tare da ya tsaya a tsakiya ba. Ɗan tela yana zuwa, amma kwana suke yi a shago shi da babansa, yau da zare a hularsa ya yi barci a kan tabarma. Na bar shi.

Abin da ya yi kyau a watan nan shi ne fahimtar karatu. Labaran cikin littafin sun yi nesa da yaran, suna fama da Turanci suna kuma fama da abin da ba su taɓa gani ba. Sai na fara rubuta nawa, gajeru, da Turanci mai sauƙi. Na farko a kan marinar Ƙofar Mata, yadda ake haɗa baba da toka a cikin rami a tsoma zane a fito da shi shuɗi. Na biyu a kan kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Na uku a kan hawa Dala. Da yake sun san abin da ake magana a kai, sai suka fara cinkar ma'anar baƙuwar kalma daga jimlar da take ciki, wanda shi ne ainihin abin da jarrabawa take nema. 'Yar mai ƙosai ta gano *dye* da kanta, ta ce, "Rini ke nan." Wannan ce yarinyar da ta sunkuyar da kai a watan Janairu.

Na koya musu su fara karanta tambayoyin kafin labarin, su san abin da suke farauta.

Alhamis, 20 ga Maris

Mun tsaya sai bayan Sallah, goman ƙarshe ta shigo. Aikin gida: kowa ya rubuta jimla uku kullum kan abin da ya yi jiya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An koma makaranta, mun koma yamma. Zafi ya sa soro ya zama tanda, mun fito da tabarmi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Biyu kaɗai suka yi aikin gidan.

Na ce a rubuta yadda aka yi Sallah. Labarai sun yi daɗi, 'yan biyu sun je gidan zu, ɗan Yaya ya ɓatar da kuɗin barka da Sallarsa a Adaidaita. Ba wanda ya yi iyo a teku, alhamdulillahi. Amma aikatau ya koma gidan jiya: *Yesterday we go, we see lion, my aunty give me.* Mako uku na hutu ya cinye aikin wata guda. Na ji haushi har na yi shiru na ɗan lokaci, don kada in faɗi abin da zai sa in sake zuwa ba da haƙuri.

Na sake komawa Hausa. Na rubuta: na sayi, zan sayi, na gani, zan gani. Na tambaye su me ya canja. Suka ce na gaban, "na" da "zan". Na ce to mu ɗan ƙaramin da ke gaba ne yake gaya mana lokaci, Bature kuwa aikatau ɗin kansa yake lanƙwasawa: *go* ya koma *went*, *see* ya koma *saw*, *buy* ya koma *bought*. Waɗannan ba su da wata dabara, hadda ce, kuma yaran Islamiyya ba a koya musu hadda. Guda biyar kowane zama, da rauji irin na karatun allo. Wani dattijo da zai wuce masallaci ya tsaya ya ce, "Malam, wannan wace sura ce?"

Juma'a, 11 ga Afrilu

Kalmomin da Hausa ke haɗewa Turanci ya raba. Mu "sha" muke yi wa ruwa da magani da mangwaro, su *drink* da *take* da *eat*. Mu "ji" muke yi wa magana da wari da zafi, shi ya sa suke rubuta *I hear the smell*. "Ara mini biro" kuma ya zama *borrow me*, alhali *lend me* ce. "A" ɗinmu guda ɗaya ita ce *in* da *on* da *at*. Mun buɗe shafi na musamman a bayan littafin kowa don irin waɗannan.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Gwaji na biyu, wannan karon da takardar amsa irin ta gaske wadda ake cike gurbi da fensir. Na je yin hoton takardu ba wuta, da janareto shafi ya tashi daga N50 zuwa N70. Shafi huɗu na yara shida, N1,680. Fensir HB da abin gogewa N1,200. Babansu 'yan biyu ya aiko da N2,000 ya ce a sayi alli, na karɓa, don aljihuna ya fara kuka.

Na sa agogo, minti 45. Sakamako cikin 40: 'yar mai ƙosai 29, ɗan tela 26, Hassana 23, Usaina 19, ɗan Yaya 18. Auta 11.

Na ɗauki takardarta hannuna na rawa, don saboda ita aka fara duk wannan. Daga ta 1 zuwa ta 13 ta ci goma. Daga nan sai faɗuwa a jere. Na duba takardar tambayoyinta inda take yin alama kafin ta cike, na ga amsoshin daidai ne. Ashe ta 14 ce ta ba ta wuya ta tsallake, amma ba ta bar gurbinta ba, sai ta zuba amsar 15 a layin 14, ta 16 a layin 15, haka har ƙarshe. Da na gyara jerin, 27 ta ci. Ta fashe da kuka. Na ce ta gode Allah a ƙarƙashin darbejiya abin ya faru, na'urar da ke duba takardun gaske ba ta san kin san amsa ba, baƙin fensir kawai take gani.

Doka daga yau: yatsan hagu a kan lambar tambaya, fensir a kan lambar amsa, a duba su yi daidai kafin a cike. Wadda ta gagara a sa mata ɗigo a gefe a bar layinta.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na je wurin kawun dogon yaron bayan sallar Juma'a. Na ce, "Alhaji, yaron nan ya fara kama karatu, saura kaɗan." Ya ce shi bai hana shi ba, amma shago ba kowa, kuma yaron da kansa ya fi son kasuwa. Muka daidaita a kan Juma'a kaɗai. Yau ya zo, ya manta da yawa. Ba zan haɗa shi da sauran ba, zan riƙa zama da shi minti 20 bayan sun tashi, karatu zalla.

Juma'a, 2 ga Mayu

Gwajin rubutu, wasiƙar hukuma da labari, cikin lokaci. Tsarin wasiƙa ya zauna wa biyar. Ɗan Yaya har yanzu yana sa babban harafi a *faithfully* yana kuma manta kanun magana. Usaina ta rubuta wasiƙa tsaf ba gaisuwa, sai a can ƙasa da ƙaramin rubutu ta ƙara *Greet your family.* Na sa ta goge, da ƙyar.

Abin da ya rage yana da yawa. Ba mu taɓa sashen adabi ba ko kaɗan, siffantawa da kamantawa da sassan labari, kuma littattafan da makarantunsu suka ba su ba iri ɗaya ba ne, sai na karɓa na karanta da kaina a makon nan. Inda ake danna murya a kalma ma yana nan yana jiranmu, ni kaina sai na riƙa duba ƙamus kafin in buɗe baki. Ina so in kai su ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello wata Asabar, idan malamin Islamiyyarsu ya yarda, don biyar daga cikinsu ba su taɓa shiga ɗakin karatu ba. Adaidaita biyu zuwa da dawowa, sai na nemi abin da ya kai N4,000.

Jimillar abin da ya fita daga aljihuna zuwa yau N16,980, kafin a cire dubu biyun babansu 'yan biyu. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, kuma allon falanki ba ya son ruwa, don haka ranar Alhamis za mu koma soro ko da zafi. Na ce kowa ya zo da mafici da fensirinsa a feƙe.